Wanda Ya Faɗi Shi Zai Dafa Shayi

Zuwa ga 'yata Rabi'atu, Uwani, mai sunan mahaifiyata.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina yi miki sannu da hanya tun kafin ki gaji, don na san titin da ya tashi daga nan Bangi zuwa Garwa-Bulai ba ya barin ƙashin mutum yadda ya same shi. Allah Ya tsare gabanki da bayanki, Ya kai ki Duwala lafiya, Ya sauke jirginku a Dakar lafiya, Ya haɗa ki da mutanen kirki a makarantar koyon shirya fim ɗin nan da kika daɗe kina mafarki. Mahaifiyarki ce ta ce in sa takardar nan a ƙarƙashin ƙullin kilishi, wai ta san nan hannunki zai fara zuwa.

Ba ni da labarin da zan ba ki, tunda tare muka ci tuwon jiya. Bashin amsa ne ya sa na ɗauki biro. A jakarki akwai 'yan kile guda biyu, irin waɗanda kuke zuba fim a ciki. Ɗaya tana ɗauke da ɗan gajeren fim ɗinki yadda kika shirya shi da farko. Ɗayar tana ɗauke da shi bayan kin yi ƙarin da na ba ki shawara. Kin ce kafin wata ya ƙare za ki miƙa ɗaya ga gasar finafinan ɗalibai, ɗaya kawai suke karɓa. Kin tsaya a ƙofar ɗakina kika ce, "Baba, wanne zai ci?" Na ce bari in yi tunani, kika zaro ido, don tun da kika yi wayo ba ki taɓa ganin wannan tambaya ta kwana a hannuna ba. To ga amsar, amma sai kin yi haƙuri, ta doguwar hanya zan biyo da ke.

Kin taso kin ji ana ce mini Isuhu Mai Hasashe, ba ki taɓa tambayar inda sunan ya samo asali ba. Da na buɗe gidan kallon nan a bayan Kasuwar Kilomita Biyar, talabijin a kusa da ƙofa take, ni kuma dole in zauna a ƙofar don masu saɗaɗowa. Sai kujerata ta zama tana kallon jama'a, bayana yana ga allon. Shekara da shekaru haka nake zama. Yawancin finafinan da na nuna, a fuskar mutane na kalle su, sauti kawai nake ji ta ƙeya. Daga nan na fara gane wanne ne ya shiga mutane, wanne ne ya wuce su, har na fara faɗa a majalisarmu ta ƙofar shagon Alhaji Garba mai atamfa cewa wane ne zai ɗauki kyautar bana. Alhaji Garba ya ce ba za a sa kuɗi ba, caca ce. Sai muka kafa doka: kafin a sanar da sakamako kowa ya ambaci gwaninsa, wanda gwaninsa ya faɗi shi zai dafa wa majalisa shayi har wata ya mutu. Kada ki raina hukuncin nan. Dattijo da furfurarsa ya durƙusa gaban murhun gawayi yana fifita, sa'o'insa suna miƙe da ƙafa suna cewa a ƙara sukari, ba ƙaramin abu ba ne.

A shekarun farko, lokacin da kaset ke zuwa daga Kano a manyan motocin Kamaru, a cuse tsakanin dilolin atamfa, da kunne nake hasashe. Duk fim ɗin da ya sa ɗaki ya ɗauki ihu, shi nake ba. Wata shekara aka kawo wani mai rawa da waƙa da faɗa, jarumin yana tsallake katanga kamar ɗan akuya. Har 'yan taksi-moto da ba sa jin ko zo in kashe ka da Hausa suna jingine babura su shigo. Na je majalisa ina buga ƙirji, na ce, "Alhaji Garba, ka fara neman gawayi." Ranar da rediyo ta faɗi sakamako, sai na ji an ba wani fim mai sanyi, labarin wani tsoho da ke zuwa tasha kullum yana jiran ɗansa. Ni kuwa sau ɗaya na taɓa nuna shi, shi ma don ɗayan kaset ɗin ya cije ne. Na durƙusa na dafa shayi, Alhaji Garba yana kurɓa yana cewa, "Malam Mai Hasashe, ka hasasa mana, kofi na biyu zai fi wannan ɗaci?"

Ba tsiyarsa ce ta dame ni ba. Abin da ya hana ni sukuni shi ne, me alƙalan nan suka gani da ni ban gani ba? Na sake sa fim ɗin, na zauna na zuba wa mutane ido. Ba wanda ya tafa, ba wanda ya yi fito. Amma Mama Zenaba, wadda tun lokacin take soya makala, fanken nan namu, a ƙofarmu tana miƙo wa 'yan kallo ta taga, ta leƙo tana mita da yaren Sango wai yau wane irin fim na sa da ba wanda ya tuna da cikinsa. Na hango wani direban babbar mota yana goge ido da hularsa, yana yi kamar zufa ce. Ranar na fara sanin cewa shiru ma magana ne. Saboda haka, Uwani, idan aka tafa miki a can, ki yi godiya, amma kada ki gina komai a kan tafi. Ki saurari ɗakin a lokacin da ba wanda ke motsi. Haka ma a sha'anin ƙawaye: wadda ta fi kowa shewa ranar da kuka haɗu, ba lalle ba ne ita za ta zauna da ke ranar da zazzaɓi ya kwantar da ke.

Kuskure na biyu ya fi ba ni kunya, don na maimaita shi har majalisa ta daina dariya ta koma tausayi. Akwai wani ɗan wasa, ba babba ba, yawanci abokin jarumi yake fitowa. Duk shekara shi nake ba kyautar gwanin 'yan wasa, duk shekara kuma ina dafa shayi. Ina da hujjoji kuwa, in na fara jero su sai ki rantse a makaranta na koyo. Wata rana ina cikin yi wa mahaifiyarki bayanin zaluncin alƙalai, tana tsince shinkafa, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Malam, kai fa ba ɗan fim kake zaɓa ba. Sani kake zaɓa. Dubi yadda yake karkata hula." Sani ƙanena ne, ba ki san shi ba, ya rasu yana saurayi kafin a haife ki. Na juya kujera na kalli allon, abin da ba na cika yi ba. Wallahi hular Sani ce, har da yadda yake dariya da gefen baki ɗaya. Ashe duk shekarun nan kewar ɗan'uwana nake yi, ina ce mata ilmi.

Ba laifi ba ne ki so abu. Laifin shi ne ki sa wa son ranki rigar sani, har ke kanki ki kasa gane shi. In za ki yi magana a kan aikin wani, ko a kan mutumin da ya zo neman aurenki wata rana, ki fara tambayar kanki: abin da na gani nake faɗi, ko abin da nake fata? In fata ne, ki kira shi da sunansa. Ki riƙe wannan da kyau, don zan dawo kansa.

Bayan wannan sai na ce na gaji da hayaƙin gawayi. Lokacin an kafa mana tasa a kan rufi, muna kama tashoshin waje, muna ganin bukukuwan ba da kyauta na ƙasashe iri-iri, maza da baƙaƙen kwat, mata da riguna masu jan ƙasa. Sai na daina nazarin finafinai, na koma nazarin alƙalai. Abin ya ba ni sha'awa ƙwarai, har yau ma yana ba ni. Su wane ne mutanen nan? Me suke ci kafin su zauna kallo? Na riƙa lura da abin da suke ba kyauta in fim ya fito daga ƙasashe irin namu, sai na ga kamar akwai abin da ke jan hankalinsu: bindiga, gudun hijira, mace ɗauke da ƙunshi a ka tana waiwaye, gida babu rufi. Ban ce kullum ba, kuma ban ce mugayen mutane ba ne. Wataƙila abin da suka saba ji a kanmu ke nan, in suka gan shi sai su ce wannan fim ya faɗi gaskiya. Ni dai na riƙe wannan ma'auni, kuma ya yi mini aiki. Na daɗe rabona da murhu. Alhaji Garba ya dafa shayi har ya gwanance, sunana ya kai har unguwar Kokoro, matasa suna tare ni a hanya suna tambaya. Abin da ban lura ba shi ne na daina jin daɗin kallo. Fim yana farawa sai in hau lissafi, kamar mahauci yana duban saniya.

A wannan hali kika same ni da fim ɗinki. Ina so ki san abin da ban faɗa miki ba a ranar: ya burge ni matuƙa. Mama Zenaba ce kawai da kaskonta, daga hura wuta zuwa ƙarewar ƙullu. Yadda take jefa ɗan guntun ƙullu a mai don ta ji ko ya yi zafi. Yadda take raɗa wa kowace makala sunan mai saye, mai ƙaton ciki ita ce Alhaji Garba, siririya mai ƙonannen gefe ita ce ni. Yadda take ce wa 'yan taksi-moto mazajenta, tana yi musu faɗan ba su kawo cefane ba. Shekara nawa matar nan tana ƙofata, ban taɓa lura cewa tana waƙa ƙasa-ƙasa in tana juya makala ba sai a fim ɗinki. Maimakon in faɗa miki haka, sai mahaucin ya yi magana. Na ce, "Uwani, ya yi daɗi, amma ba zai ci ba. Su can ba makala suke nema ba. Je ki Kokoro ki ɗauko gidanta da aka ƙona lokacin rikici, ki sa a tsakiya." Kika ce, "Baba, ai ba ta ce in ɗauki gidan ba. Kaskonta ta ce." Na ce miki, "Bango ne fa, ba mutum ba." Kika ɗauki kyamara, saboda ubanki ne Mai Hasashe.

Ranar da muka nuna wa 'yan unguwa fim ɗin mai ƙarin bayan la'asar, ke kina can wajen na'ura kina fama da waya, kina addu'ar kada gurup, janaretanmu, ya mutu. Ni ina kujerata, bayana ga allo, fuskata ga jama'a. Mama Zenaba ta ci ado, ta zauna a bencin gaba. Da ta ga kanta sai ta rufe baki da mayafi tana dariya har kafaɗunta na rawa, mata suna zungurin ta. Can sai na ji sautin kasuwa ya ɗauke a bayana, iska kawai ke kaɗawa, na san an zo wurin gidan. Ban juya ba, ita nake kallo. Dariyar ba ta tsaya nan take ba, a hankali ta janye daga fuskarta. Na ga leɓenta ya motsa, ina jin shuɗin fentin ƙofar ta gane, ko bishiyar mangwaron. Ba ta yi kuka ba, ba ta tashi ba. Ta sauke ido kan tafin hannunta, ba ta sake ɗagowa ba har aka gama. Mutanen da ke zungurin ta suka daina. Da aka kunna fitila ta tafa tare da kowa, ta rungume ki ta yi miki godiya da Sango, ta ce, "Singila, 'yata," kika yi murna. Ni kuwa na san irin wannan shirun, ba irin na fim ɗin tsohon tasha ba ne.

Washegari ba ta kafa kasko a ƙofarmu ba, ta koma tsallaken titi, gefen mai faci. Kin ce wataƙila inuwa ta bi, na bar ki a haka don kina ta shirin tafiya. Amma ni na tsallaka na same ta, na gaishe ta da Sango. Na ce, "Bara mo, Mama Zenaba. Mun yi laifi ne aka guje mu?" Ta ci gaba da juya makala, ta ce, "Babu laifi, Malam Isuhu. Yarinya ta yi ƙoƙari, Allah Ya ba ta sa'a." Na tsaya dai, ban tafi ba. Da ta ga haka sai ta ajiye matsami ta dube ni, ta yi maganar da Sango don ta fito mata daidai. Ta ce, "Gidan nan sau ɗaya aka ƙona shi, na yi kukana na gama. Yanzu duk ranar da aka kunna na'ura za a sake ƙona shi, a gaban mutanen da ban sani ba. Da safe ni mai makala ce. Tun jiya duk wanda ya zo saye sai ya sassauta murya yana ce mini sannu. Ni ba sannu nake sayarwa ba." Ta naɗe mini makala a takarda ta ƙi karɓar komai, kuma ba ta ce wannan siririyar ni ce ba.

Ba ta nemi a cire komai ba, kada ki ce ta nema. Ni ne nake gaya miki abin da na gani daga kujerata, don ke ba ki gani ba, kuma shawarar tawa ce tun farko. Na san alƙalan da ban taɓa gani ba, na manta da matar da nake gaisawa da ita kowace safiya. Ki kiyayi irin wannan wayon, Uwani. A sana'ar da kika zaɓa, mutane za su riƙa ba ki fuskarsu da muryarsu amana. Abin da suka ba ki shi ne naki. Abin da ba su ba ki ba, ko da bango ne, nasu ne.

Yanzu ga amsar tambayarki, kuma ba zan yi miki ƙarya ba. A lissafina, mai gidan Kokoro ya fi kusa da kyauta. In kika miƙa shi, ina jin zai yi nisa. Na makala zalla, ina tsoron za su yi murmushi su ce ya yi kyau, su wuce. Wannan shi ne abin da na gani. Abin da nake fata kuwa daban ne, kuma ga shi na kira shi da sunansa: ina roƙonki ki miƙa na farko. Na san abin da nake nema ki bari ba ƙarami ba ne, kyautar nan za ta iya buɗe miki ƙofofin da ni ban isa in buɗe miki ba. Fim ɗinki ne, hannunki ne zai miƙa, kuma duk wanda kika zaɓa ke 'yata ce.

Sai wata alfarma, wannan ta son sani ce kawai. Ranar da za a nuna finafinan, ki nemi kujera a gaba, ta gefe, inda za ki iya waiwayowa. Ki kallar mini alƙalan nan. Shin tare suke zama ko kowa da kusurwarsa? Suna dariya in abu ya ba da dariya, ko sai sun dubi juna tukuna? Suna taɓa waya a tsakiyar fim? In Mama Zenaba ta ɗaga makalar nan mai ƙaton ciki ta ce ga Alhaji Garba, ki duba mini ko akwai wanda kafaɗarsa ta motsa. Na shekara da shekaru ina auna mutanen nan daga nesa, ban taɓa ganin fuskar ko ɗaya yana kallo ba. Zai yiwu na zalunce su. Wallahi zan so in ji cewa na zalunce su.

Ki riƙe salla a kan lokaci. Ki riƙa kiran mahaifiyarki, kuma ki yi mata Hausa ko da Sango ta fi zuwa miki baki, tana jin daɗi. Kilishin nan ki ɗiba wa abokan zamanki.

Shekaranjiya a majalisa Alhaji Garba ya tsare ni. Ya ce, "To Malam Mai Hasashe, bana gasar ta shigo har cikin gidanka. Wa ka ba?" Na ce, "Na ba Uwani, da fim ɗin makala, na farkon, wanda babu gidan Kokoro." Ya dube ni ta saman tabarau, don ya san ma'aunina sarai. Ya ce, "Isuhu, wannan hasashe ne ko addu'a?" Na ce ya rubuta a duk inda ya ga dama. Da na dawo gida na sa mahaifiyarki ta lalubo mini tsohuwar butar shayina a bayan buhuna. Na wanke ta da toka har tana ƙyalli, na sayi gawayi mai kyau na ajiye. In wannan shayin ne, zan durƙusa in dafa shi har wata ya mutu, kowa ya ce a ƙara sukari in ƙara. Wurin kaskon nan na ƙofarmu kuma kullum da safe ina share shi, ban bar kowa ya kafa komai a wurin ba.

Allah Ya tsare mini ke a hanya da masauki, Ya kare ki daga sharrin mutum da na son zuciya, Ya sa albarka a idonki da hannunki. Allah Ya sa lissafina ya ƙaryata ni bana. Ya dawo mana da ke lafiya, ki same mu lafiya. Mahaifiyarki tana gaishe ki, tana sa miki albarka.

Wassalam.

Mahaifinki,
Isuhu na gidan kallo,
Kilomita Biyar, Bangi.